Rariyar Auta

Ranar ashirin da takwas ga wata Likita ya kira Auta ofishinsa ya shaida mata cewa yayarta ta kai ƙarar Nas, ma'aikaciyar jinyar cibiyar tasu. Yana maganar yana juya biro a hannu, don ya san Auta da Yaya uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma ba daɗi a gaya wa mutum 'yar'uwarsa ta ɗauko rigima. Takardar tana gabansa, shafi biyu, da rubutun Yaya mai manyan baƙaƙe. Abin da ta ce a ciki shi ne ta aika tambaya ta shafin intanet na cibiyar a kan ƙafar mijinta, ta aika ta sake aikawa, ba wanda ya ce mata uffan, ga shi yanzu an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Nas kuma ta rantse ba ta ga tambayar ba. Kwamitin cibiyar zai zauna ranar biyu ga wata mai kamawa, in har ta tabbata Nas ta gani ta yi biris, aikinta na shekara goma sha tara ya ƙare ke nan.

"Ke kika haɗa shafin, Injiniya," in ji Likita. "Ki duba mana ko tambayar ta shigo ko ba ta shigo ba. Iyakar abin da muke nema ke nan."

Auta ta ce to, ta fito da ƙarfin gwiwarta. A ranta ta riga ta yanke hukunci. In dai Yaya ta ce ta aika, to ta aika, Yaya ba ta ƙarya ko da wasa. Shafin kuma ba ya ɓatar da saƙo, don ita ta gina shi da hannunta. Saura wa, in ba Nas ba?

Cibiyar ƙarama ce, ta masu ciwon suga, ɗaki huɗu da baranda mai benci uku. Mijin Yaya, wanda kowa ke kira Tela har 'ya'yan cikinsa, shekara shida yana zuwa nan. Ta dalilinsa Auta ta san wurin, ta ga yadda wayar teburin Nas ke ruri tun safe har a tashi, kullum tambayoyi iri ɗaya: ina zan ajiye allura in an ɗauke wuta, zan iya cin ayaba, na manta ƙwayar safe ko in haɗa biyu da rana? Ita Auta ma'aikaciyar kwamfuta ce a wani kamfani da ke gina wa shaguna shafukan intanet. Ta ce wa Likita za ta haɗa musu shafin tambayoyin da aka fi yi, mara lafiya ya buɗe a wayarsa ya karanta amsa, in babu tasa a ciki ya rubuta a akwatin da ke ƙasa, Nas ta amsa masa kafin gobe. Ba neman suna ne ya sa ta ba. Tun tana shekara bakwai, da mahaifiyarsu ta rasu, Yaya ce ta riƙe ta, kuma ƙafar Tela a kan keken ɗinki ce ta kai ta har jami'a. Tana so ko sau ɗaya ta yi wani abu da amfaninsa zai koma gidan nan.

Aikin kuwa ta yi shi tsaf, yabon gwani ya zama dole. Manhajar da ta ɗauko tana zuwa da kalmar sirri wadda kowane ɓata-gari ya haddace, ta canza ta tun kafin ta sha ruwa. Ta sauya wa ƙofar masu gudanarwa adireshi, ta sa sai an turo lamba a waya kafin a shiga. Ta yanka wa kowa iyakarsa: Nas tana ganin tambaya ta amsa, Likita yana sa hannu kafin amsa ta shiga jerin da jama'a ke karantawa, saiti kuma ba mai taɓa shi sai ita. Ta ɓoye lambobin masu tambaya yadda ita kaɗai ke ganin su, don ciwon mutum sirrinsa ne. Ranar da aka buɗe shafin Likita ya sa aka cire lambar wayar teburin daga katin marasa lafiya, aka naɗe wayar aka jefa a durowa, ya ce an huta.

Sati uku aka yi ana murna, sai 'yan talla suka gano akwatin. Ba ma mutane ba ne, na'urori ne aka saka suna watsa saƙo ba hutu: maganin suga cikin kwana bakwai, ganyen da likitoci ke ɓoye muku, danna nan ka warke. Wata safiya Nas ta tarar da saƙo ɗari huɗu, ta kira Auta ta ce ita jinya ta karanta ba kwasar shara ba. Auta ta zauna ta lura da halin na'urorin, ta ga ba sa aika saƙo sau ɗaya, sai dai su jero shi bi da bi. Nan ta kafa dokar da take kira rariya. Duk wayar da ta aiko saƙo fiye da sau uku cikin minti goma, a tsame ta, a kwashe har waɗanda ta riga ta aiko, kuma duk abin da ta sake turowa daga ranar ya wuce kwandon shara kai tsaye. Kwandon kuma ya zubar da kansa ranar ɗaya ga kowane wata.

Sai ta ƙara wata dabara, wadda ta fi alfahari da ita. Wanda aka tsame ba za a gaya masa ba. Zai ga abin da kowa ke gani: "Mun gode, an karɓi tambayarku, za a amsa nan da gobe." Ta yi wa Likita bayani cewa ɓarawo in ya san an kulle ƙofa taga yake nema, gara a bar shi yana zaton a buɗe take. Likita ya yi dariya ya ce lallai Injiniya ba daga nan ba. Tun daga ranar akwatin Nas ya zama fes.

Kwamfutar cibiyar tana wani lungu a ɗakin magani, kusa da tsohon firij mai gurnani. Da Auta ta fito daga wurin Likita nan ta nufa, ta ja kujera, ta shiga da kalmar sirrinta, lamba ta shigo wayarta ta rubuta. Ta bi akwatin Nas daga ɗaya ga wata zuwa yau, babu lambar Yaya. Ta duba waɗanda aka amsa, ta duba ko an goge wani, babu. Nas ba ta taɓa goge komai ba, kuma ba tambayar da ta kwana biyu a hannunta. Wuri ɗaya ya rage, wanda ita kanta ba ta taɓa buɗewa ba, don wa ke ɗaga murfin kwandon shara ya leƙa?

Lambar Yaya tana nan a ciki, tsakanin tallar ganye da tallar zuma. Saƙo tara. Huɗu na farko duk na ranar uku ga wata ne, ƙarfe goma da minti sha biyu, da sha biyu, da sha uku, da sha uku, ko harafi ɗaya bai bambanta ba: "Babban yatsan ƙafar maigidana ya yi baƙi amma ya ce ba ya masa zafi. Mu zo yanzu ko mu jira ranar da aka ba mu?"

Ba sai an yi wa Auta bayani ba. Yaya ba ta taɓa danna abu sau ɗaya ba a rayuwarta. Makunnin fitila sai ta taɓa shi sau uku, ƙararrawar ƙofa sai masu gida sun fito da faɗa, in ta kulle ɗaki sai ta dawo daga bakin titi ta jijjiga kwaɗon. Tela yakan ce ko aurensu da aka ɗaura sai da ta tambaya sau huɗu ko ya ɗauru. Auta ta girma tana dariyar wannan hali, ta fi kowa saninsa a duniya. Ga wayar Yaya mai tsagaggen gilashi, ga sabis na unguwarsu mai tafiyar hawainiya. Ta danna ba abin da ya motsa, ta sake dannawa, ta sake, ta sake. A minti biyu rariyar ƙanwarta ta ɗauke ta a matsayin na'urar talla.

Sauran biyar ɗai-ɗai suka zo, ranar huɗu, ranar biyar, bakwai, tara, sha ɗaya. Baƙin ya kama yatsa na biyu. Wurin ya fara wari. Don Allah ko kalma ɗaya ce. Na ƙarshen Auta ta karanta shi sau ɗaya ba ta iya maimaitawa ba: "Ƙanwata ce ta haɗa shafin nan, ta ce kullum kuna amsawa. Na san aiki ya yi muku yawa. Muna jira."

Me ya hana Yaya ta kira ta? Wannan ma ta san amsarsa. Watan da ya wuce Yaya ta kira ta sau uku tana tsakiyar taro a wurin aiki, a kan wane irin takalmi ya kamata Tela ya riƙa sawa. Auta ta fito waje ta ce mata ita fa ba likita ba ce, ta daina kiran ta tana bakin aiki, ai don haka ta yi shafin. Yaya ta ce to, Allah ya ba ki haƙuri, kuma ba ta ƙara tambayar ta komai a kan ciwon ba. Shi Tela ga ƙin asibiti, ga ɗinkin kayan makaranta jibge a gabansa, abin da ba ya zafi kuma ai ba ciwo ba ne a wurinsa. Ranar sha huɗu zazzaɓi ya kayar da shi aka kwashe shi zuwa babban asibiti. Ranar sha shida aka yanke.

Ta ci gaba da jan shafin ƙasa. A cikin dubban tallace-tallace ta tsinto mutum talatin da takwas, mutane na gaskiya, da rubutunsu mai kura-kurai. Kusan dukansu abu ɗaya ne ya haɗa su: wani ido ya dushe masa, wata mijinta ya suma, wani ƙafa ta kumbura. Mai tambayar ayaba hankalinsa kwance yake, sau ɗaya yake dannawa. Wanda tsoro ya kama shi ne ke dannawa yana ƙarawa. Rariyar ba 'yan talla kaɗai ta tace ba, ta tsame masu tsoro tas, ta bar wa Nas masu tambayar ayaba. Garin neman gira an rasa ido, kuma wannan na wata ɗaya ne kawai, na watanni biyar da suka wuce kwandon ya riga ya zubar.

A saman shafin akwai wani ɗan rubutu ja: saura kwana uku a zubar. Auta ta daɗe tana kallon sa. Ba sai ta goge komai ba, ba sai ta ɗaga ko yatsa ba. Ranar ɗaya ga wata kwandon zai yi abin da ta koya masa, ranar biyu ta tsaya gaban kwamiti ta ce ta duba ba ta ga komai ba. A ɗora wa sabis, ko a ɗora wa Nas. Yaya dai za ta ci gaba da tsanar Nas, ita kuma ta ci gaba da zama Autar Yaya. Ta rufe kwamfutar, ta gaya wa Likita binciken zai ɗauki 'yan kwanaki.

Washegari da rana ta je gidan Yaya. An sauko wa Tela da katifa falo don ya riƙa ganin mutane, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo, gefe ɗaya na bargon ya kwanta shafal. Keken ɗinkin an tura shi jikin bango, rigar makaranta tana nan a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya a ɗinke ɗaya ba a ɗinke ba. Yana ganin ta ya washe baki. Ya ce ga Injiniyarmu, ko za ta sauke masa sabuwar ƙafa daga intanet ne, amma ta zaɓo mai kyau ba irin ta da ba. Ya ce shi kam ya samu sauƙi, safa ɗaya zai riƙa wankewa. Auta ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo, ta ce Malam ba ka rabo da tsokana. Ta yi masa zancen keke mai amfani da wuta, ya kaɗa kai ya ce shekara talatin ƙafar nan ce ta san inda ake sassautawa a kwanar kwalar riga, hannu bi kawai yake yi. Daga nan bai ƙara wasa ba, ya juya fuska wajen taga.

Yaya tana kicin, ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Ta ɗora butar shayi ta danna makunnin, ta sake dannawa, ta sake. Auta ta kau da kai. Yaya ta yi ta magana ƙasa-ƙasa don kada mijin ya ji, duk a kan Nas, yadda take gaishe ta da girmamawa shekara shida, yadda Tela ya taɓa ɗinka wa jikar Nas riga. Sannan ta juyo ta kama hannun Auta.

"Kin san abin da ya fi ci mini rai? Kullum na aika sai su ce an karɓa, za a amsa nan da gobe. Da ba su ce sun karɓa ba, wallahi da ko a kafaɗa ne na ɗauke shi mun tafi. Sai in ce ai sun gani, da abin tashin hankali ne da sun kira. Ke kaɗai gare ni a wurin nan, Auta. Ki fito mini da gaskiyata."

Auta ta ce tana kan dubawa. Ta sha shayin da aka ba ta har ƙasa ba ta san ko da zafi ko babu ba, ta wanke kofin, ta yi sallama. A hanya ta yi ta gaya wa kanta cewa faɗar gaskiya ba za ta dawo da ƙafa ba, kuma wannan gaskiya ne. Ta gaya wa kanta Yaya ba za ta iya ɗaukar kaya biyu a wata ɗaya ba, wannan ma ƙila gaskiya ne. Abin da ba ta gaya wa kanta ba shi ne tsoro take ji, irin tsoron yarinya 'yar shekara bakwai da ba ta da kowa sai mutum ɗaya.

Ranar talatin ga wata da safe ta koma cibiyar, ita kanta ba ta san me za ta yi ba. Ta tarar da Nas a baranda, durƙushe gaban wata tsohuwa tana buɗe mata yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Labarin ƙarar ya riga ya bazu, mutanen kan benci suna kallon ta a kaikaice, waɗanda da can suke rige-rigen gaishe ta. Da ta gama ta wanke hannu ta tari Auta, ta tambaye ta ya mai jiki, yana samun barci, ana juya shi? Sai ta rage murya.

"Injiniya, in kin ga ta shigo ki faɗa, kada ki ji nauyina. Na rantse ban gani ba, amma kwanan nan na fara tunanin ko na gani ne na manta. Girma ya zo. In ni na jawo wa bawan Allahn nan, gara in sani."

Kada a ce jarumta ce ta motsa Auta, ba ita ba ce. Kawai ta ga ba za ta iya tsayawa ta kalli mace mai furfura tana tuhumar hankalinta a kan laifin da ba nata ba. Ta shiga ɗakin magani, ta kashe dokar zubar da kwandon, ta kira Nas ta nuna mata. Nas ta karanta saƙo taran a tsaye, gilashinta a ƙarshen hanci, har ta kai ƙarshe.

"Da na ga na farkon, da kafin rana ta yi tsaka yana nan a gabana," in ji ta. "Da yatsa ɗaya ne kawai."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce a buga mata lambobin mutum talatin da takwas ɗin a takarda. Ta buɗe durowa ta ciro tsohuwar wayar teburi, ta warware igiyarta, ta jona, ta fara kira daga sama. Na farko ya ce ya gaji da jira ya tafi wani wuri. Ta biyu ba ta ɗauka ba. Na uku da aka ɗauka, muryar da ta amsa ba ta mai wayar ba ce, Nas ta saurara, ta cire gilashinta, ta fara ta'aziyya. Auta ta ɗauki jakarta ta fita.

Ba ta jira kwamiti ba, don ba ta so Yaya ta ji a bakin wani. Ta same ta a tsakar gida tana wanke zanen gadon mara lafiya a baho. Auta ta tsuguna kusa da ita ta faɗi komai tiryan-tiryan, 'yan talla, rariya, minti goma, kwando. Ta faɗi cewa Nas ba ta ga ko ɗaya ba. Ta faɗi cewa tun shekaranjiya ta sani, har ranar da ta sha shayi a gidan. Yaya ba ta daina cuɗa zanen ba sai can, sannan ta tsame hannuwanta ta ɗora a gwiwa, kumfa yana ɗiga.

"Wannan 'mun gode, an karɓa' da yake fitowa, wa ya rubuta shi?"

"Ni ce, Yaya."

"Kuma kin san ba a karɓa ba."

"Don ɓarayi na yi shi. Ban taɓa zaton..."

"To, ashe ni ce ɓarauniyar."

Auta ta yi kuka, ta ce ta yafe mata, ta ce ta zage ta, ta mare ta, ta yi mata duk abin da ta ga dama. Yaya ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kalle ta kamar yadda ake kallon baƙuwar da ta yi ɓatan gida. Ta ce sau tara ta karanta rubutun nan tana jin sanyi a ranta, ashe muryar ƙanwarta ce ke ce mata ta zauna. Ta ce gobe za ta je ta durƙusa ta ba Nas haƙuri, ta janye takardarta.

"Shi kuma kada ki gaya masa," ta ce tana nuna falo da haɓa. "Yana son ki. Abin da ya rage masa ba shi da yawa, ki bar masa wannan. Tashi ki tafi, yamma ta yi."

Rana tana tsakiyar sama a lokacin. Auta ta miƙe. Da za ta wuce ƙofar falo Tela ya ɗaga murya ya ce Injiniya yau ba a shigowa a gaida gurgu? Ta leƙa ta gaishe shi daga bakin ƙofa, ta ce sauri take yi. Ya ce ta dawo da ƙafar tasa in ta sauku.

Kwamiti ya zauna ranar biyu ga wata, aka wanke Nas, Likita har ya yaba wa Auta a kan faɗin gaskiya, yabon da ta ji kamar ana zuba mata ruwan zafi. Aka mayar da lambar waya kan kati. Ta cire rariyar, ta sa wata dokar da ke gaya wa mutum ƙarara in saƙonsa bai shiga ba, ta rubuta da manyan baƙaƙe a saman shafin cewa duk wanda ya ga baƙi a ƙafarsa ya zo nan take, kada ya jira amsar kowa. Aikin bai ɗauke ta awa ɗaya ba. Wannan shi ya fi komai ciwo, da ta ga ashe awa ɗaya ce.

Ba a hana ta zuwa gidan ba. Takan je ranar hutu, Tela ya tsokane ta, yaran su karɓi jakarta, Yaya ta amsa gaisuwa ta kawo mata ruwa a kofin baƙi ta koma kicin. Ta daina kiran ta Auta, ba ta kuma sa mata wani suna ba, sai dai "ke". An lulluɓe keken ɗinkin da tsohon labule, an ɗora kwalaben magani a kai.

Wata ranar Laraba da aka tashi aiki tana tsaye a tashar mota, ta ciro waya ta rubuta: "Yaya, don Allah ko kalma ɗaya ce." Ta danna. Sabis ya tsaya cak, ba abin da ya motsa, ta sake dannawa, ta sake, ta sake. Can sai ga su sun fito a jere, huɗu, ko harafi ɗaya bai bambanta ba. Ba a jima ba alama ta nuna an karɓa, kuma an karanta. Ta zauna a kan bencin tashar da wayar a tafin hannunta. Motar unguwarsu ta zo ta cika ta tashi, wata ta zo ita ma ta tashi, tana nan zaune tana jira.